Wai da gaske akwai dutsen zinariya a sama da zai mayar da kowa biloniya? Fashin baƙi kan 16 Psyche

Kusan duk bayan 'yan watanni sai labarin nan ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp, da hoton wani ƙaton dutse mai ƙyalli kamar an shafe shi da ruwan gwal, a ƙasa an rubuta wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano dutsen zinariya a sararin samaniya wanda in aka raba kuɗinsa kowane mutum a duniya zai tashi da sama da dala biliyan ɗaya. Wani ƙanina ma turo min ya yi da dare yana tambaya, rabi wasa rabi gaske, "Yaya, to mu yaushe rabonmu zai iso?" Wasu kuma a ƙasan labarin tsoro ne ya kama su, suna ta tambayar ko dutsen kanmu zai faɗo.

Dutsen dai akwai shi, sunansa 16 Psyche, ana furta shi kamar "Saiki". NASA kuma da gaske ta tura kumbo wajensa. Amma ba yanzu aka gano shi ba, hoton nan da ake yawo da shi zane ne, kuma maganar zinariya ƙari ne da masu neman a danna labarinsu suka yi. Bari mu bi abin daki-daki.

Mene ne astaroid ma tukuna?

Duniyoyi takwas ne ke kewaya rana, tamu ce ta uku, Mars ta huɗu, sai Jupiter ta biyar, wadda a littattafan malamanmu na ilmin taurari ake kira Mushtari. Tsakanin Mars da Jupiter akwai wani makeken fili da duwatsu ke ta zagaya rana a cikinsa, daga masu girman tsakuwa har masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Su ake kira astaroid, filin kuma shi ne babban zoben astaroid. Ba taurari ba ne, ba su da hasken kansu, na rana suke maidowa kamar yadda wata yake yi. Kuma ba su ne tauraruwa mai wutsiya ba, ita wannan ƙanƙara ce da ƙura. Sunan ma ya samo asali ne daga yadda suke bayyana a madubin hangen nesa kamar ɗigon tauraro, William Herschel ne ya kawo kalmar a 1802, ma'anarta da Girkanci "mai kama da tauraro".

Ragowar kayan gini ne, in ka ga dama ka ce ɓaraguzan da suka saura bayan an gama gina gida. Wajen shekara biliyan 4.6 da suka wuce, lokacin da duniyoyi ke dunƙulewa daga ƙura da iskar gas, ƙarfin janyowar Jupiter ya hana na wannan yanki haɗuwa su zama duniya guda, sai dai su yi ta karo suna farfashewa. Kuma kar yawansu ya ruɗe ka, an san sama da miliyan ɗaya amma in ka tara duk na zoben wuri guda nauyinsu bai kai kashi 5 cikin 100 na watanmu ba. Haka nan abin da ake nunawa a finafinai, jirgi yana ta kauce-kauce tsakanin duwatsu kamar ɗan acaɓa a kasuwar Kurmi, ba haka wurin yake ba sam. Tsakanin dutse da dutse sai ka yi tafiyar ɗaruruwan dubban kilomita ba ka ga komai ba, tun kumbon Pioneer 10 da ya fara shiga zoben a 1972 kumbuna ke ratsawa lafiya lau.

Ina yake, kuma zai faɗo mana?

Ba zai faɗo ba, wannan kam a kwantar da hankali. Psyche yana can ɓangaren waje na zoben, nisansa da rana kusan ninki uku ne na namu nisan. Falakinsa, wato hanyar da yake bi yana kewaya rana, ba da'ira ba ce cif, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, shi ya sa wani lokaci yakan matso kilomita miliyan 378 daga rana, wani lokaci ya ja baya har miliyan 497. Mu kuma muna wajen miliyan 150. Ka ga kenan hanyarsa ko ta Mars ba ta taɓawa balle tamu. Ko a ranar da ya fi kusa da mu akwai sama da kilomita miliyan 200 a tsakani, wato da a ce akwai titi ka kama mota kana gudun kilomita 100 a awa ba tsayawa shan mai ba barci, sai ka haura shekara 200 ba ka isa ba.

Yana gudun wajen kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, duk da haka sai ya yi kusan shekara 5 tamu kafin ya gama zagaye guda. Amma wajen juyawa a kan kansa ba ya wasa, awa 4 da minti 12 ya gama, a yini ɗaya namu shi ya ga fitowar rana kusan sau shida. Wani abin kuma a kishingiɗe yake juyawa, kamar tulun da aka kwantar ana mirginawa, don haka kowane ƙarshensa yakan daɗe cikin rana sannan ya daɗe cikin duhu.

Waɗanda masana ke sa wa ido saboda haɗari wani rukuni ne daban, su ne waɗanda falakinsu ke gittawa kusa da namu, irin 2024 YR4 da aka yi ta surutu a kansa farkon 2025 kafin ƙarin awo ya nuna ba zai same mu ba. Da yawansu asalinsu daga zoben suke, Jupiter ce ke bankaɗo su a hankali daga wasu wurare na musamman cikin miliyoyin shekaru. Psyche ba ya cikin irin waɗannan wuraren.

Dankali mai faɗin Kano zuwa Kaduna

Ba mulmulalle ba ne kamar ƙwallo, ya fi kama da dankalin Turawa da aka ɗan danne. Inda ya fi faɗi kilomita 280 ne, ta ɗaya gefen wajen 230, kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna kenan. Faɗin fatarsa gaba ɗaya wajen murabba'in kilomita 165,800, ya ɗan haura jihar Neja sau biyu. A zoben dai yana cikin manya, shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin duka, amma kusa da Ceres mai faɗin kilomita 940 yaro ne. Ƙarfin janyowarsa kaɗan ne ƙwarai, buhun masara mai kilo 100 in ka kai shi can za ka ji shi a hannu kamar kilo ɗaya da rabi. Babu iska, babu ruwa mai gudu.

To ga abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa: har yau babu wanda ya taɓa ganin fuskar dutsen nan da kyau. Manyan madubai na duniya, har da na hamadar Chile, abin da suke samu wani dusu-dusun dunƙule ne. Duk sauran bayanan daga awo aka ciro su, yadda haskensa ke ƙaruwa da raguwa in yana juyawa, yadda yake tare hasken wani tauraro in ya gitta ta gabansa, da yadda yake maido da siginar rada in an harba masa daga ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ne tushen komai. Da aka harba masa rada daga tashar Arecibo ta Puerto Rico sai ya maido da ita da ƙarfi fiye da yadda dutse zalla ke yi, kamar bambancin ka haska tocila a bangon laka da ka haska a kwanon rufi. Daga nan aka ce lallai akwai ƙarfe da yawa a jikinsa, aka sa shi a rukunin M, wato na astaroid masu alamar ƙarfe, kuma shi ne mafi girma a wannan rukunin.

Ƙarfe ne ko dutse? Inda masanan suka rabu

Fahimtar farko, wadda ta daɗe tana tashe, ita ce Psyche gwaiduwar wata 'yar ƙaramar duniya ce da aka fasa. Yadda abin yake, in dunƙulen dutse ya yi girma kuma ya yi zafi har ya narke, ƙarfe da nikel da yake sun fi nauyi sai su nutse tsakiya, dutse ya taso sama, kamar ƙwai da gwaiduwarsa a ciki. Haka duniyarmu take. Sai aka ce wataƙila wannan ma haka ya fara, daga baya wasu manyan duwatsu suka yi ta dukansa har suka ɓare ɓawon suka bar gwaiduwar tsirara.

Matsalar ita ce awon nauyi bai ba da haɗin kai ba. Ana gane nauyinsa ne ta yadda yake ɗan karkatar da ƙananan duwatsun da suka wuce kusa da shi. Ka ɗauki gwangwani mai cin lita ɗaya, in ruwa ka cika kilo 1 ne, in dutse ne wajen kilo 3, in ƙarfe ne zalla kusan kilo 8. Psyche kuwa abin da lissafi ke bayarwa tsakanin 3.4 da 4.1 ne. Rabin na ƙarfe kenan. Don haka ko dai ƙarfen ne amma cike da ramuka da kogo kamar soso, abin da wasu ke ganin da wuya ga abu mai wannan girma da nauyi, ko kuma gauraye ne da dutse mai yawa. Ƙiyasin da NASA ke bayarwa yanzu shi ne ƙarfe kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na jikinsa.

Akwai masu cewa bai ma taɓa narkewa ya rabu gida biyu ba, tun asali daga kayan da ƙarfe ya yi musu yawa ya dunƙule. Akwai kuma wata fahimta da ni dai ta fi burge ni ko da ba ta tabbata ba, wai yana da ɓawon dutse amma lokacin da cikinsa ke hucewa narkakken ƙarfe ya riƙa ɓullowa sama kamar aman wuta ya malale a fatarsa, shi ya sa rada ke ganin ƙarfe alhali ciki da sauran dutse. Sannan a 2024 madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya ga alamar ma'adinai masu ɗauke da sinadarin ruwa a samansa, wanda ko dai wasu duwatsun ne suka kawo da suka faɗa masa, ko kuma tarihinsa ya sha bamban da yadda ake zato.

Ka lura a duk wannan muhawara ƙarfe da nikel ake magana. Zinariya da filatinam akan same su a irin ƙarafan da ke faɗowa daga sama, amma ɗan mitsitsi ne, 'yan giram a cikin tan guda. Babu wani awo da ya nuna zinariya a Psyche.

To daga ina lissafin kuɗin ya fito?

Daga bakin shugabar aikin tura kumbon ne da kanta, Lindy Elkins-Tanton, wadda a lokacin take jami'ar jihar Arizona. A Janairun 2017 da NASA ta amince da aikin, 'yan jarida suka tambaye ta nawa dutsen zai yi, sai ta yi lissafin kan takarda, ta ɗauki yawan ƙarfen da ake zato ta buga da farashin ƙarfe a kasuwa, ya ba da dala kwintiliyan 10, wato 1 da sifiri 19 a gabansa. Raba wannan wa mutum biliyan 8 sai ka samu dala biliyan 1.25 kowa, nan ne "rabonmu" ya samo asali. Ita kanta ta sha bayyana cewa lambar ba ta da wani amfani a aikace, amma ina, magana zarar bunu ce.

Dalili na farko, ɗaukowa. Kumbon OSIRIS-REx ya yi shekara 7 a tafiya, an kashe wajen dala biliyan ɗaya, abin da ya kawo daga astaroid Bennu a Satumban 2023 giram 121.6 ne, bai cika kofin shayi ba. Na Japan, Hayabusa2, giram 5.4 ya kawo a 2020. Kuma waɗannan duwatsun na kusa ne. Duk wanda ya san aikin haƙar zinariya a Zamfara ya san zinariya a cikin ƙasa daban, kuɗi a aljihu daban, akwai haƙa da niƙa da wanki da rayukan da ke salwanta a tsakani, balle ramin da ke nisan kilomita miliyan ɗaruruwa. Kamfanoni biyu na Amurka da suka taso da ƙarfinsu kan haƙar astaroid, Planetary Resources da Deep Space Industries, duk kafin ƙarshen 2019 an saye su an bar maganar ba su haƙo ko tsakuwa ba.

Na biyu, ko da an kawo, farashi ne zai mutu. Wannan ai mu a Afirka ta Yamma muna da misalinsa, Mansa Musa na Mali da ya bi ta Alƙahira a 1324 zai je Hajji, zinariyar da ya rabar ta yi yawan da darajarta ta faɗi a Masar tsawon shekaru. Ayarin raƙuma kenan fa. Abu yana tsada ne saboda ƙarancinsa, kuma kasuwar duwatsun sama ma haka take. Dutsen Mars mai kilo kusan 25 da aka tsinta a yankin Agadez a 2023 an yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi. Ba don wani ƙarfe mai daraja a cikinsa ba, don irinsa ba su da yawa ne a duniya. Haka na Zagami da ya faɗo a lardin Katsina a Oktoban 1962, shi ma daga Mars.

Na uku, wa ma zai raba? Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa wani abu a sama mallakinta ne, amma Amurka a 2015 da Luxembourg a 2017 sun yi dokokin da suka ba kamfanoninsu damar mallakar abin da suka haƙo. In ma wata rana an fara, mai roka ne zai kwashe.

Wa ya raɗa masa suna, kuma me 16 ɗin ke nufi?

Wani masanin taurari ɗan Italiya, Annibale de Gasparis, shi ya gano shi daga birnin Naples ranar 17 ga Maris 1852. Mutumin ya iya farauta, astaroid tara ya gano a rayuwarsa. Lambar 16 na nufin shi ne na goma sha shida a jeri. Na farko Ceres ne, Giuseppe Piazzi ya gan shi ranar 1 ga Janairu 1801 a Palermo, sai Pallas da Juno da Vesta zuwa 1807, daga nan aka yi shiru har 1845. Da farko ma duniyoyi ake kiransu, sai da suka fara yawa aka ga abin ba zai yiwu ba aka ware su.

Al'adar lokacin ita ce a ba su sunayen mata daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Psyche a tatsuniyar wata kyakkyawar budurwa ce da ta sha wahalhalu kafin ta auri Eros, kalmar kuma tana nufin rai ko ruhi, tana kuma nufin malam-buɗe-littafi, shi ya sa alamar da aka fara ba dutsen fiffiken malam-buɗe-littafi ce da tauraro a kai. Suna ne kawai na yayin zamaninsu, bai da alaƙa da abin da ke jikin dutsen.

Yanzu tsarin ya canza. In aka ga sabo sai a kai rahoto cibiyar ƙananan duniyoyi da ke Cambridge a jihar Massachusetts, su ba shi lambar wucin gadi. Ɗauki 2024 YR4 ɗin nan, 2024 shekara ce, Y na nufin rabin ƙarshe na Disamba, R4 kuma na nufin shi ne na 117 a wannan rabin watan. Sai an bi shi shekaru an tabbatar da falakinsa sannan a ba shi lamba ta dindindin, daga nan wanda ya gano shi yana da shekara 10 ya kawo suna, wani kwamiti na ƙungiyar masana taurari ta duniya ya duba. Kar ya wuce harafi 16, ya furtu a baki, ba zagi, ba tallan kamfani, ba a son sunan kare ko kyanwar gida, ɗan siyasa ko sojan yaƙi kuwa sai ya shekara 100 da mutuwa. Wannan doka ta ƙarshe da a wajenmu ne da an sha rigima. Kuma ba a sayen suna, duk shafin da ya ce ka biya a sa wa tauraro sunan budurwarka takarda kawai zai ba ka.

Mafi yawansu har yau lamba ce kawai ba suna, waɗanda aka raɗa wa 'yan dubu ashirin da wani abu ne. A ciki akwai 1193 Africa da aka gano daga Johannesburg a 1931, akwai 2755 Avicenna wato Ibn Sina, da 9936 Al-Biruni, da 11156 Al-Khwarismi. A 2021 kuma aka sa wa 35462 sunan Maram Kaire, masanin taurari ɗan Senegal.

Me kumbon zai je yi in ba haƙa ba?

Kallo da awo. Shi ma sunansa Psyche, an harba shi ranar 13 ga Oktoba 2023 daga Florida a kan rokar Falcon Heavy, bayan an ɗage daga 2022 saboda ba a gama gwajin manhajarsa ba. Ba miƙewa zai yi kai tsaye ba, hanya ce ta kilomita biliyan 3.6, an tsara ya bi ta gefen Mars a Mayun 2026 ta ƙara masa gudu, ya isa a 2029. Injinsa da hasken rana yake aiki, yana fesa iskar zenon a hankali, turawar ba ta fi nauyin 'yan kwabbai a tafin hannu ba amma da yake ba ya tsayawa wata da watanni sai gudun ya taru. A hanya ma an gwada aiko da saƙo ta hasken leza, a Disamban 2023 ya turo bidiyon wata kyanwa daga nisan kilomita miliyan 31.

Ba zai sauka ba, ba zai ɗebo komai ba. Zai yi wajen wata 26 yana kewaya dutsen yana matsowa mataki-mataki, da kyamara, da na'urar gane sinadaran da ke fatarsa, da ta auna maganaɗisu. Dalilin kashe sama da dala biliyan ɗaya a kan wannan shi ne gwaiduwar tamu duniyar tana farawa ne daga zurfin kilomita 2,900, rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa kuwa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗan kai. Kuma wannan narkakken ƙarfen na ƙarƙashinmu shi ke samar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas yake kuma kare mu daga guguwar rana. Tunda ba za mu iya shiga mu gani ba, sai a je inda ake zaton akwai irinsa a fili.

Na'urar maganaɗisun ce za ta fi raba gardama. In ta samu ragowar maganaɗisu daskare a jikin dutsen, to ya taɓa zama narkakkiyar gwaiduwa mai motsi, masu fahimtar farko sun yi gaskiya. In ba ta samu ba, sai a koma kan sauran bayanan, a duba hotuna da awon nauyi. Ƙanina dai na ce masa ya riƙe sana'arsa ta gyaran waya, hotunan farko na kusa sai 2029.